Kalmomin Ingilishi Masu Kama da Juna a Furuci da Amfani da “a”, “an” da “the”

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya zaɓi nazarin Hausa a jami'a ba ya daɗewa kafin ya gane yana bukatar Ingilishi. Ƙamusun Bargery na 1934, da manyan littattafan nahawu na Newman na 2000 da Jaggar na 2001, duk da Ingilishi aka yi bayanin Hausa a cikinsu. Mujallu da dama kuma suna neman a rubuta tsakuren maƙala da Ingilishi. Bugu da ƙari, a shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ke nan mai fassara tsakanin Hausa da Ingilishi yana da aiki a gabansa.

Wannan takarda za ta dubi kurakurai iri biyu da suka fi yawa a rubutun ɗalibai. Na farko shi ne musayar kalmomin da suka yi kama da juna a kunne. Na biyu shi ne amfani da ƴan kalmomin nan uku, “a”, “an” da “the”, waɗanda za mu kira mafayyata. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, matsalolin biyu maganinsu ɗaya: a dubi jimlar da kalma take ciki, a kuma dubi abin da mai karatu ya riga ya sani. Wannan kuwa aiki ne da Bahaushe yake yi kullum idan yana karanta harshensa. Za a riƙa sa kalmomin Ingilishi cikin alamar zance, musamman da yake “a” da “an” suna iya rikicewa da kalmomin Hausa.

2.0 Darasi daga rubutun Hausa

A dubi waɗannan jimloli:

(1) Dokin sarki fari ne.
(2) An yi fari a shekarar 1984.
(3) Fari sun cinye gero.
(4) Da fari na ƙi, daga baya na yarda.

Rubutu ɗaya ne, kalmomi huɗu ne. A (1) gaɓar farko tana da gajeren wasali, karin sautin kuwa sama-sama. A (2) wasalin gajere ne, karin sama-ƙasa. A (3) wasalin dogo ne, karin ƙasa-sama. A (4) dogo ne, karin sama-ƙasa. Ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna tsayin wasali ko karin sauti, amma ba wanda zai karanta (3) ya zaci launi ake nufi. Kalmar “sun” ta nuna jam'i ne, “cinye gero” kuma ta ƙarasa bayani.

Ingilishi yana da kishiyar wannan hali. A Hausa ido ne yake ganin kalmomi iri ɗaya, kunne ya raba su. A Ingilishi sau da yawa kunne ne yake jin su iri ɗaya, ido ya raba su. Dalilin haka yana cikin tarihi. William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, a daidai lokacin da furucin dogayen wasulan harshen yake sauyawa, sauyin da ya ɗauki kimanin shekarun 1400 zuwa 1700. Rubutu ya zauna, furuci ya ci gaba da tafiya. Da can “meet” da “meat” wasulansu daban ne, haka “see” da “sea”. Da can ana furta k ɗin farkon “knight” da “know”, yanzu sun zama ɗaya da “night” da “no”.

3.0 Kalmomi masu kama da juna

Za a raba su gida uku, domin kowane gida da irin maganinsa.

3.1 Furuci ɗaya, rubutu daban

Waɗannan ko ɗan Ingila ba ya raba su da kunne, shi ya sa su ma masu harshen suke kuskure a kansu. Hanya mafi sauƙi ga ɗalibinmu ita ce ya mayar da jimlar zuwa Hausa a zuci, domin a Hausa kalmomin ba su yi kama ba ko kaɗan.

“their” na nufin mallaka: gidansu, motarsu.
“there” na nufin can, ko akwai.
“they're” na nufin suna, ko su ne.
“its” na nufin nasa ko nata, ga abin da ba mutum ba.
“it's” gajarcewar “it is” ce ko “it has”.
“weather” yanayin sama ne, “whether” kuwa ko ce ta shakka.
“principal” shugaban makaranta ne ko abin da ya fi muhimmanci, “principle” ƙa'ida ce.
“stationary” abin da ke tsaye wuri ɗaya ne, “stationery” kayan rubutu ne.

Alal misali, ɗalibi yana son ya ce harshe yana da ƙa'idojinsa. Da ya ji “nsa” a ƙarshen kalmar Hausa, ya san mallaka ce, sai ya rubuta “A language has its rules”. Idan ya sa “it's”, to ya rubuta “it is rules” ke nan, wanda ba shi da ma'ana.

3.2 Furuci daban, amma ɗaya a kunnenmu

Wannan gida shi ya fi shafarmu. Hausa tana da wasula biyar gajeru, biyar dogaye, da tagwan wasula ai da au. Daidaitaccen furucin Ingila yana da wasula 12 da tagwaye 8. Kunnen da ya saba da ƙananan rukunai sai ya tura sautuka biyu ko uku cikin rukuni ɗaya. Da haka “cat” da “cut” suke haɗuwa, haka “bad” da “bed”, haka “walk” da “work”.

Akwai inda Hausa take taimako. Wanda ya iya raba gari na mutane da gari na tuwo ya riga ya san aikin tsayin wasali, don haka zai iya raba “ship” da “sheep”, “full” da “fool”, “live” da “leave”. Bambancin nan yana da nauyi. A dubi abin da ɗalibi zai iya rubuta wa mai kula da ɗakunan kwana:

(5) I want to live here. Ina son in zauna a nan.
(6) I want to leave here. Ina son in bar nan.

Wasali ɗaya ya sauya, an ba wani ɗakinsa.

Ta fuskar baƙaƙe, akwai wurare huɗu da ya kamata a kula da su. Na farko, Hausa ba ta raba p da f. Ƙwayar sauti ɗaya ce mai furuci iri-iri, shi ya sa wani ke cewa tafi, wani tahi. Daga nan “pull” da “full”, “pan” da “fan”, “copy” da “coffee” suke cakuɗewa. Haka b da v a “ban” da “van”. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya riga ya raba “pain” da “faim”, sai ya ɗauko wannan sabo ya yi aiki da shi. Na biyu, sautin th babu shi a Hausa, babu shi a Faransanci, sai mu maye shi da s ko z. “Think”, wato yin tunani, ya koma “sink”, wato nutsewa. Ana furta th ne da bakin harshe a tsakanin haƙora. Na uku, Faransanci ba ya furta h, Ingilishi kuwa yana furta ta a mafi yawan kalmomi, kamar yadda muke yi a hanya da haƙuri. Kada sabon Faransanci ya sa “heat” ta koma “eat”, ko “hair” ta koma “air”. Na huɗu, mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka kunnenmu bai saba sauraren baƙin ƙarshe ba. A nan ne “price” da “prize”, “rice” da “rise”, “back” da “bag”, “loose” da “lose” suke ɓacewa. A kowane biyu, ta farko tana ƙarewa da baƙi marar ziza, ta biyu da mai ziza.

Maganin wannan gida shi ne horar da kunne. Ɗalibai biyu su zauna, ɗaya ya furta kalma, ɗayan ya rubuta abin da ya ji, sannan su musanya.

3.3 Tushe ɗaya, ajin kalma daban

A nan ɗaya suna ce, ɗaya aikatau, kamar shawara da shawarta a Hausa:

Suna: advice, practice, belief, proof, breath, loss.
Aikatau: advise, practise, believe, prove, breathe, lose.

Wannan rabo na “practice” da “practise” na rubutun Ingila ne. A Amurka “practice” ake rubutawa ga duka biyun. “Effect” da “affect” ma haka suke aiki a mafi yawan lokaci: ta farko suna, wato tasiri, ta biyu aikatau, wato shafa.

(7) The drought affected the harvest. Fari ya shafi amfanin gona.
(8) The drought had an effect on the harvest. Fari ya yi tasiri a kan amfanin gona.

Gwajin mai sauƙi ne. Idan “he”, “they”, “to” ko “will” na iya zuwa kafin kalmar, aikatau ce. Idan “the” na iya zuwa kafinta, suna ce. Wannan ya kawo mu ga kashi na biyu na takardar.

4.0 Mafayyata

4.1 Tsakanin “a” da “an”

Kalmomin biyu asalinsu ɗaya, daga tsohuwar kalmar Ingilishi mai nufin ɗaya. Shi ya sa har yau ba sa shiga gaban jam'i. “The” kuwa daga nunau ta fito, dangin “that”. Sanin wannan asali yana taimako: “a” na cewa ɗaya daga cikin irinsa, “the” na nuna wanda aka sani.

Zaɓi tsakanin “a” da “an” ya dogara ga sautin da ke biye, harafin da aka rubuta ba ya yanke hukunci. Ana cewa “an hour” da “an honest man” domin ba a furta h a cikinsu. Ana cewa “a university” da “a European” domin da sautin y suke farawa. Ana cewa “an MP” domin sunan harafin M da wasali yake farawa. Kalmar da ke biye kai tsaye ake duba: “an egg”, amma “a boiled egg”. Su kansu Ingilawa sun taɓa rikicewa a kan iyakar kalmomin. “Apron” da can “napron” ce, aka riƙa jin “a napron” kamar “an apron”, har n ɗin ta koma wancan gefe.

4.2 Abin da Hausa take da shi

Kuskure ne a ce Hausa ba ta da abin da ya yi kama da mafayyatan Ingilishi. Tana da wani, wata, wasu. Tana kuma da madanganci, wato -n, -r da ɗin.

(9) Wani mutum ya zo da doki da akuya. Dokin ya gaji.
A man came with a horse and a goat. The horse was tired.

A nan harsunan biyu sun tafi tare: abu ya shigo zance da “a”, ya dawo da “the”. Matsalar ita ce suna a Hausa yana iya zuwa tsirara, ba wani, ba madanganci, ya kuma ɗauki ma'ana uku:

(10) Na sayi doki. I bought a horse.
(11) Rana ta faɗi. The sun has set.
(12) Zuma tana da zaƙi. Honey is sweet.

Saboda haka ba a iya fassara kalma da kalma. Haka kuma wani ba kullum yake daidai da “a” ba. Ina neman likita da ina neman wani likita duk “I am looking for a doctor” ne, alhali ba ni wani “give me another one” ne.

A kuma kula da bambancin madanganci da mahaɗi. A rigar ta yage, madanganci ne, kuma ana jin karin sauti faɗau a gaɓar ƙarshe. A rigar Audu, mahaɗi ne. Fassarar ta biyu ita ce “Audu's gown”, ba a sa “the” a gabanta.

4.3 Tambayoyi biyu

Kafin a rubuta kowane suna, a yi wa kai tambayoyi biyu.

Tambaya ta farko: shin mai karatu zai gane ainihin wanda nake nufi? Idan zai gane, “the” ake sawa. Yana iya ganewa ta hanya huɗu. Ko an riga an ambace shi, kamar a (9). Ko shi kaɗai ne a duniya ko a wurin da ake magana, kamar “the sun”, “the market”, “the emir”. Ko jimlar kanta ta ware shi, kamar “the book that you gave me”, “the capital of Chad”, “the first chapter”, “the best student”. Ko kuma yana manne da abin da aka ambata:

(13) We entered a house. The door was broken.
Mun shiga wani gida. Ƙofar a karye take.

Tambaya ta biyu, idan ba zai gane ba: shin ana ƙirga sunan nan a Ingilishi? Idan ana ƙirga shi kuma tilo ne, “a” ko “an”. Idan jam'i ne, ko ba a ƙirga shi, a bar shi haka, ko a sa “some”.

Daga nan ƙa'ida ɗaya ta fito wadda ya kamata a haddace: suna tilo da ake ƙirgawa ba ya zama tsirara a jimlar Ingilishi, in ban da wasu tsayayyun maganganu da za a gani a 4.5. Dole ya sami mafayyaci, ko nunau, ko mallaki.

Sai dai kowane harshe da abin da yake ƙirgawa. Muna cewa shawarwari, bayanai, labarai. Faransanci ma yana cewa “un conseil” da “des informations”. Ingilishi ba ya ƙirga “advice”, “information”, “news”, “evidence”, “equipment”, “furniture” da “luggage”. Don haka “an advice” da “informations” kuskure ne. Ana cewa “some advice” ko “a piece of advice”.

4.4 Inda Faransanci ke ruɗarwa

Ɗalibin da ya fara da Faransanci yakan ɗauka “le” da “la” su ne “the”. A wajen maganar abu gaba ɗayansa, Hausa ta fi kusa da Ingilishi:

(14) Haƙuri yana da wuya.
La patience est difficile.
Patience is difficult.

(15) Raƙuma suna jure ƙishirwa.
Les chameaux supportent la soif.
Camels endure thirst.

A irin wannan wuri, a bi Hausa. Amma a wajen sana'a, harsunan biyu duk suna kai ɗalibi ga kuskure:

(16) Shi malami ne.
Il est professeur.
He is a teacher.

Sunayen wurare ma suna da nasu tsari. Mafi yawan ƙasashe da birane ba sa ɗaukar “the”: Niger, Ghana, Cameroon, Niamey. Koguna, tekuna da hamada suna ɗauka: “the Nile”, “the Atlantic”, “the Sahara”. Tafki da dutse guda ba sa ɗauka: “Lake Chad”, “Mount Cameroon”. Ƙasashe masu sunan jam'i ko na haɗaka suna ɗauka: “the Netherlands”, “the United States”. Faransanci yana kiran ƙasa da kogi “le Niger”, Ingilishi kuwa da “the” kaɗai yake raba su:

(17) The Niger flows through Niger.
Kogin Kwara yana ratsa ƙasar Nijar.

Muƙami idan ya zo da suna ba ya ɗaukar “the”: “President Diori led Niger from 1960 to 1974”. Sunan harshe ma haka: “Hausa is a Chadic language”. Amma ana cewa “the Hausa language”, kuma “the Hausa” na nufin Hausawa.

4.5 Inda ƙaramar kalma ke juya ma'ana

(18) He has few friends. Abokansa ba su taka kara sun karya ba.
(19) He has a few friends. Yana da ƴan abokai.
(20) She is in prison. Tana ɗaure a kurkuku.
(21) She is at the prison. Tana gidan kurkuku, wataƙila ziyara ta je ko aiki.

Haka “little” da “a little” suke. Haka kuma “go to school”, wato zuwa karatu, da “go to the school”, wato zuwa harabar makarantar don wata bukata. Mai fassara a kotu ko a gidan rediyo da ya rikita (20) da (21) ya ɗaure wadda ba ta yi laifi ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa kalmomi masu kama da juna gida uku ne: waɗanda ake rabawa ta hanyar mayar da jimla zuwa Hausa, waɗanda ake rabawa da horar da kunne, da waɗanda ake rabawa da ajin kalma. An kuma ga cewa zaɓin mafayyaci yana bin tambayoyi biyu, ɗaya a kan sanin mai karatu, ɗaya a kan ƙirga. Ana shawartar ɗalibi ya karanta rubutunsa sau biyu kafin ya miƙa. A karo na farko ya ja layi a ƙarƙashin kowane suna ya yi masa tambayoyin nan. A karo na biyu ya karanta da ƙarfi, ya tsaya a kan duk kalmar da ya san tana da tagwaniya. Na'urar gyaran rubutu ta kwamfuta ba abin dogaro ba ce a nan, domin “live” da “leave” duk kalmomi ne ingantattu a wurinta.

6.0 Aikin gwaji

A. A zaɓi kalmar da ta dace, a kuma faɗi gidan da take cikin ukun da aka kawo.
1. The doctor will ___ you. advice ko advise
2. We do not know ___ he will come. weather ko whether
3. The ___ of millet has gone up. price ko prize
4. Do not ___ your receipt. loose ko lose

B. A cike gurbi da “a”, “an” ko “the”, ko a bar shi haka idan ba a bukatar komai.
1. My sister is ___ nurse at ___ university hospital in our town.
2. ___ Lake Chad lies south of ___ Sahara.
3. ___ millet grows well in ___ Niger.
4. He gave me ___ useful information ___ hour ago.

C. A fassara zuwa Ingilishi.
1. Wata mata ta kawo nono da fura. Furar ta ƙare.
2. Ilimi ya fi dukiya.
3. Liman ya iso, a tayar da salla.

D. A kawo kalmomin Hausa guda biyar masu rubutu ɗaya da furuci daban, kamar wuya da kuka, a sa kowace a jimlar da za ta fayyace ma'anarta.